Digirin bin sawun annoba a Zariya da Ibadan: wa ake ɗauka, wa ake bari a ƙofa

A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye, nau'in H5N1, a wata babbar gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna. Wannan ne karo na farko da wannan nau'in ya bayyana a nahiyar Afirka. Kafin a ankara ta shiga gonakin Kano da na Filato, aka yi ta kashe kaji ana binnewa, kuma a farkon 2007 ta yi ajalin wata matashiya a Legas. Annobar ta tona asirin wani giɓi da aka daɗe ana zaune da shi. Likitocin dabbobi na ma'aikatar gona suna can suna ƙirga matattun kaji, likitocin mutane suna asibiti suna jiran wanda za a kawo musu, kuma 'yan ƙalilan ne a ƙasar aka horar su fita ƙauye su yi tambaya: wa ya fara kamuwa, yaushe, me ya taɓa, wa ya biyo bayansa.

Wannan giɓin aka yi niyyar cikewa a 2008, lokacin da aka kafa shirin horar da masu bin sawun cututtuka da masanan ɗakin gwaji, wanda ake kira NFELTP a taƙaice. Ma'aikatun lafiya da na gona na tarayya ne suka haɗa hannu da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, da ƙungiyar masu bin sawun cututtuka ta Afirka, AFENET, mai hedikwata a Kampala, da jami'o'i biyu: Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan. Karatun na shekara biyu ne, kuma wanda ya kammala yana fita da digiri na biyu a fannin kiwon lafiyar al'umma, wato MPH. An aro tsarin daga shirin EIS da Alexander Langmuir ya kafa a Amurka a 1951, wanda Thailand ta kwaikwaya a 1980, wasu ƙasashe suka bi sahu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na lokacin kaɗai ake zama a aji. Sauran duk a bakin aiki ake yin sa, a wata ma'aikatar lafiya ta jiha, ko wani sashe na tarayya, ko ɗakin gwaji. Kafin ɗalibi ya fita sai ya binciki annoba da ƙafarsa, ya auna ingancin wani tsarin sa ido kan cuta, ya tsefe alƙaluman da aka tara a ma'aikata, ya gabatar da bincikensa a gaban masana, sannan ya rubuta kundin digirinsa.

Abin da nake so in duba a nan shi ne ƙofar shiga wannan karatu, domin sharuɗɗan ɗaukar ɗalibai su ne ke yanke hukuncin irin mutanen da za a tura ƙauye ranar da yara suka fara mutuwa.

Ƙofa biyu a jere

Mai neman wannan digiri ƙofa biyu yake ratsawa. Ta farko ta jami'a ce, kuma duk wanda ya taɓa neman digiri na biyu a Najeriya ya san ta. Ana buƙatar digirin farko daga jami'ar da aka amince da ita, galibi mai daraja ta biyu mataki na ƙasa ko sama da haka, in digirin irin wanda ake wa daraja ne. Ana buƙatar kiredit biyar na sakandare har da Turanci da lissafi, da takardar kammala hidimar ƙasa ko ta yafewa, da wasiƙun malamai ko shugabannin aiki da za su tsaya wa mutum, da kuma cikakken sakamakon jarrabawoyin digirin farko, wanda ɗalibai ke kira tiranskirif, da tsohuwar jami'ar mutum za ta aiko kai tsaye. Mai babbar difloma ta HND, ko wanda ya fita da daraja ta uku, yawanci sai ya fara yin diflomar bayan digiri kafin a saurare shi.

Ƙofa ta biyu ta shirin ce, kuma ta fi ƙunci. An tsara shi ne kan hanyoyi uku: ta likitocin mutane, ta likitocin dabbobi, da ta masanan ɗakin gwaji. An fi son wanda yake ma'aikacin gwamnati ne, na tarayya ko na jiha, wanda ya taɓa aiki bayan kammala karatu, wanda kuma ma'aikatarsa ta yarda a rubuce ta sake shi shekara biyu. Bayan tantance takardu akwai jarrabawa a rubuce, akwai ganawa ido da ido.

A ganina kowane ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa yana da dalilinsa mai ƙarfi, kuma bai kamata a yi saurin kushe su ba. Sharaɗin zama ma'aikacin gwamnati, alal misali, shi ne ya bambanta wannan digiri da sauran MPH da ake yi domin ƙarin girma ko neman aiki a ƙungiyoyin waje. Doka da ikon rufe rijiya, ko killace gonar kaji, ko kiran a yi rigakafi, a hannun gwamnati suke. In ka horar da wanda ba shi da kujera a ma'aikata, ranar annoba ba shi da bakin da zai ce a yi ko a bari. Sanya likitan dabbobi a aji ɗaya da likitan mutane kuwa, shi ne abu mafi hikima da masu kafa shirin suka yi. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ɓera ne ke yaɗa shi. Haukan kare daga cizo yake zuwa. Murar tsuntsaye daga akurki take fitowa. A ƙasar da makiyayi da manomi da mahauci ke kwana su tashi da dabba, raba ilimin gida biyu ɓarna ce. Zariya ta dace da wannan aiki domin tana da tsangayar likitancin dabbobi da sashen kiwon lafiyar al'umma duk a jami'a ɗaya.

Zamfara, 2010

Shirin bai cika shekara biyu ba aka jarraba shi. A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suna zagayen sa ido kan sanƙarau a jihar Zamfara, sai suka ci karo da ƙauyukan da yara ƙanana ke mutuwa da yawan da ya wuce hankali. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, ya yi laushi, ya shiga jijjiga, cikin 'yan kwanaki ya cika. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba da na sanƙarau, ba abin da ya canza. A watan Mayu aka haɗa tawagar bincike da ta ƙunshi ma'aikatar lafiya ta tarayya, da CDC, da Hukumar Lafiya ta Duniya, da MSF, da mutanen NFELTP.

Aikin da suka yi a ƙauyuka biyu na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum shi ne ainihin abin da ake koyarwa a wannan digiri. Gida-gida aka bi, gidaje 119. A kowane gida a zauna da iyaye a tambaya: yara nawa ne 'yan ƙasa da shekara biyar a gidan nan bara, nawa ne suke raye yau, wanda ya rasu yaya ciwonsa ya kasance, wace sana'a ake yi a tsakar gida. Da aka haɗa amsoshi sai aka ga yara 118 cikin 463 sun mutu a shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Aka ɗebi jinin yara 204 daga cikin waɗanda suka rage, dukkansu aka same su da gubar dalma, kuma kashi 97 cikin 100 sun kai ko sun wuce maikirogiram 45 a kowane desilita na jini, matakin da ake fara ba da maganin fitar da dalma. Ƙaramar na'urar gwajin da aka je da ita tana tsayawa ne a 65, kuma jinin yara da yawa ya wuce abin da za ta iya karantawa.

Tushen abin yana tsakar gida. Farashin zinare ya tashi a kasuwar duniya, maza suna haƙo dutse su kawo gida, kuma dutsen wannan yanki cike yake da dalma. Ana farfasa shi da guduma, a daka a turmi, a niƙa a irin injin da ake niƙa hatsi, a wanke, a shanya a inda ake shanya gero. Ƙurar ta sauka a ƙasa, a tabarma, a kwanon abinci, kuma yaro mai rarrafe ya sa hannu a ƙasa ya kai baki. A wasu wurare dalmar da aka auna a ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sa wa wurin wasan yara a lokacin 400 ce. Yara aƙalla 400 ne suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta, Yargalma, Abare, Sunke da Tungar Daji, kuma Bagega, wadda ta fi su girma, ba a kai ga kwashe gurɓatacciyar ƙasarta ba sai a 2013.

Akwai wani abu da mutanen ƙauyukan suka faɗa daga baya wanda ya kamata duk mai tsara manhaja ya riƙe. Kafin yara su fara mutuwa, agwagi sun fara ɓacewa daga gari. Kowa ya gani, ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Da akwai wanda aikinsa ne ya ji labarin mutuwar agwagwa ya haɗa shi da lafiyar yaro, da wataƙila an farga da wuri. Wannan kaɗai ya isa hujja ga kujerar da aka ware wa likitan dabbobi.

Amma Zamfara ta nuna wani abu kuma da takardar sharuɗɗa ba ta ambata ba. Yawancin amsoshin da aka nema a bakin mata suke, mata kuma a cikin gida suke, inda baƙo namiji ba ya shiga kai tsaye. Uwar da ta binne 'ya'ya biyu ba za ta ba da labarin jijjigar ɗanta da Turanci ba, kuma tafinta yakan taƙaita abin da bai kamata a taƙaita ba. Mai binciken da yake jin harshen mutane, da mace mai ilimin da za ta yi sallama ta shiga har ɗaki, su ne ke fito da gaskiyar alƙaluma. Kiredit a Turanci dole ne domin rubuta kundi. Ina ganin jin harshen wurin da za a tura mutum, Hausa ce ko Kanuri ko Fulatanci ko Tibi, ya cancanci a ba shi nauyi a wajen ganawa, haka ma ƙoƙarin cike gurbin mata daga jihohin da ake kulle.

Legas ta biyo baya a 2014. Wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka da cutar Ebola ranar 20 ga Yuli, Dakta Ameyo Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti, ta kuma rasa ranta a dalilin haka. Ɗalibai da tsofaffin ɗaliban shirin suna cikin waɗanda suka bi sawun mutum 894 da suka yi hulɗa da masu cutar, aka yi ziyarar ido da ido kusan 18,500, ana auna zafin jikin kowa kullum har kwana 21. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta ƙare a Najeriya. Tun 2012 ma an riga an fitar da shirin NSTOP daga cikin NFELTP domin yaƙi da shan inna a jihohin arewa. Zaɓen mutanen da aka yi ya biya kuɗin sabulu, wannan ba abin musu ba ne.

Wanda yake fara gani

Sai dai wanda yake fara ganin annoba ba likita ba ne. A mafi yawan ƙauyukanmu ma'aikacin lafiya na matakin farko ne, wanda ya yi makarantar koyon aikin lafiya irin ta Maƙarfi ko ta Kano, yana zaune a asibitin sha-ka-tafi da littafin rajista. Sama da shi akwai jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, wanda ake kira DSNO, kuma ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar. Shi ne ke hawa babur ya bi asibitoci ya karɓi rahoton mako, shi ne ke ɗaukar kashin yaron da ƙafarsa ta shanye ya sa a akwatin ƙanƙara ya aika ɗakin gwaji, shi ne ya san mai unguwar da zai faɗa masa gaskiya da wanda zai ɓoye gawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da yawa daga cikin waɗannan mutane difloma gare su ko HND. A ƙofar jami'a ana ce musu su koma su yi digiri ko diflomar bayan digiri, a ƙofar shirin kuwa babu hanyar da aka ware musu cikin ukun nan.

Abin da wannan rata ke jawowa ya fito fili a sanƙarau na 2016 zuwa 2017. Rigakafin MenAfriVac da aka yi wa arewa a shekarun baya na nau'in A ne, wannan karon kuwa nau'in C ne ya zo. Cutar ta fara a Zamfara a ƙarshen 2016, amma sai a Fabrairun 2017 labari ya isa Abuja yadda ya kamata. Kafin a shawo kanta ta ratsa Sakkwato, Katsina, Kebbi, Neja da Yobe, an ƙirga mutum sama da 14,000 da ake zaton sun kamu, sama da 1,100 sun rasu. A lokacin ƙasar tana da ƙwararrun masu MPH, suna Abuja da manyan biranen jihohi. Makonnin da aka yi asara a ƙasa aka yi su, tsakanin asibitin ƙauye da sakatariyar ƙaramar hukuma, inda ake buƙatar wanda zai ga yara uku da sanƙarewar wuya a mako ɗaya ya san cewa an kai matakin buga ƙararrawa, ya kuma sami mai ɗibar ruwan ƙashin baya a kai gwaji.

Masu shirin ba su rufe ido ga wannan ba. Bayan Ebola, CDC ta fito da gajeren horo na wata uku ga ma'aikatan matakin farko, wanda Najeriya ta ɗauka, daga baya aka ƙara na tsakiya mai wata tara. Ana koya wa jami'in ƙaramar hukuma yadda zai tsaftace alƙalumansa, ya zana taswirar inda cuta ke fitowa, ya rubuta rahoton da za a karanta. Gyara ne mai kyau ƙwarai. Amma satifiket ake bayarwa, kuma satifiket ba ya maye gurbin digirin farko a dokar jami'a. Mutum zai iya yin wata uku, ya yi wata tara, ya shekara goma sha biyar yana bin kwalara da ƙyanda, ya zo ƙofar MPH a ajiye takardarsa gefe, a ɗauki likitan da ya gama hidimar ƙasa shekara uku da suka wuce. Wasu suna zagayawa ta Jami'ar Karatu daga Gida, NOUN, su yi digirin kiwon lafiyar al'umma suna kan aiki. Hanya ce, amma doguwa ce, kuma da albashin ƙaramar hukuma ake bin ta.

Ba ina cewa a sauke ma'auni ba ne. Wanda zai jagoranci binciken annoba dole ya iya lissafin alƙaluma, ya fahimci yadda cuta ke aiki a jiki, ya iya rubutu. Abin da nake gani shi ne a jera matakan su zama tsani na gaskiya: wanda ya yi na wata tara ya ci da kyau, a ƙirga masa shi cikin diflomar bayan digiri, diflomar kuma ta ba shi damar zama jarrabawar shiga kamar kowa. In ya faɗi ya faɗi da hujja. Yanzu ko zaman ba a ba shi.

Lissafin buƙata ma yana goyon bayan haka. Ma'aunin da ƙasashe suka amince da shi a tsarin tsaron lafiya na duniya shi ne ƙwararren mai bin sawun cuta ɗaya ga kowane mutum 200,000. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana buƙatar fiye da 1,000, kuma a barbaje cikin jihohi. Aji ɗaya a shekara, daga cikin likitocin da su ma ƙaranci suke yi, wasunsu kuma suna hanyar Ingila ko Saudiyya, zai daɗe bai kai nan ba. Jami'in ƙaramar hukuma kuwa iyalinsa da gonarsa suna nan, ba inda za shi.

Akwai kuma ƙananan shingaye da ba a rubuta su a talla ba, amma suna kayar da mutanen da suka cancanta. Tiranskirif na kan gaba. Mutum ya biya kuɗi, ya bi ofis-ofis, a ce magatakarda ba ya nan, a ce fayil ɗin shekararsu yana tsohon gini, har wa'adin karɓar takardu ya wuce. Sai takardar saki daga ma'aikata: jihar da take da likitoci ƙalilan a babban asibitinta ba ta son sakin ɗaya shekara biyu, don haka jihohin da suka fi buƙatar ƙwararrun su ne suka fi wahalar tura ɗalibi. In kuma an tura ya dawo, wani lokaci sai a mayar da shi ɗakin duba marasa lafiya na waje, ilimin ya zauna ba amfani, har wata ƙungiya ta zo ta ɗauke shi da albashi mai tsoka. Jihar da ta sa hannu a takardar saki ya kamata ta sa hannu a lokaci guda kan kujerar da zai dawo ya hau.

Batun kuɗi ma yana taɓa ƙofar kai tsaye, domin yawan gurabe a kowace shekara ya dogara ne da abin da ke cikin asusu. Shekaru da yawa kuɗin Amurka ne ya riƙe shirin ta hannun CDC. Dokar da ta kafa hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, wadda aka sa wa hannu a Nuwamban 2018, ta ɗora mata jagorancin horar da masu bin sawun cututtuka, wato nauyin ya dawo gida a takarda. Dakatar da tallafin ƙasashen waje da gwamnatin Amurka ta yi a Janairun 2025 ya nuna wa kowa haɗarin barin irin wannan horo a hannun baƙo. Majalisun dattawan jami'o'in Zariya da Ibadan su ke da ikon amincewa da tsanin da zai kawo mai HND zuwa ɗakin jarrabawa, tare da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa. Kuɗin gurabe da takardun saki kuwa suna teburin NCDC da kwamishinonin lafiya na jihohi, kuma gwamnonin Zamfara, Sakkwato, Kebbi, Katsina, Jigawa da Yobe, inda sanƙarau ke zuwa da zafin bazara kwalara kuma da damina, suna iya ɗaukar nauyin 'yan jiharsu a wannan karatu daga kasafin shekara ba tare da jiran kowa ba.